Ranar da Baba Ya Miƙa wa Surukinsa Alli

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar maigidana, malamin lissafi a wata makarantar sakandare da ke Argungu, haifaffen Gulma. Ɗalibansa Hagu-da-Dama suke kiransa a bayan idonsa, shi kuwa yana sane, har wani daɗi yake ji. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan kira shi a wannan shafi, domin a shekara ashirin da biyu da muka yi tare bakina bai taɓa kama sunansa ba. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai kuka ya ci ƙarfina in ajiye. Bana kuwa da dariya na ɗauki biron, saboda wata waya da tsohuwar ɗalibarsa Rabi ta bugo mini a makon jiya. Zan zo kan wayar, amma sai na fara ba ku labarin abin da ya faru shekara ashirin da biyar da suka wuce, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya ba ni dariya ba.

Kada mai karatu ya zaci waliyyi zan zana masa. Malam mutum ne da in ka aike shi kasuwar Argungu sayen kifi sai ya kwaso maka na jiya, ɗan Gulma guda, wanda ya tashi a bakin ruwa. Aljihunsa kullum cike yake da guntayen alli, ban san adadin rigunan da na jiƙa suka fito da farin tabo ba. Babur ɗinsa kuwa sai an tura yake tashi, har maƙwabta suka haddace lokacin fitarsa, kowa ya shige gida sai ya wuce. Amma in ya tsaya gaban allo wani mutum ne daban, muryarsa ma canzawa take yi. Ni malamar Hausa ce a firamare, lissafina bai wuce na awon shinkafa ba, sai dai akwai darasinsa guda ɗaya da na iya kamar sunana, kuma za ku ji dalili.

A lissafi mai zurfi da ake koya wa 'yan ajin ƙarshe, akwai rabawa mai lamba a sama da lamba a ƙasa, kowacce ɗauke da harafin x, wanda ake iya ba shi kowace ƙima. Ɗauki wannan: a sama x a tara da ɗaya, a ƙasa x a debe biyu. Idan x ya zama biyu daidai, na ƙasa ya koma sifili, kuma ba a raba abu da sifili. Wannan wurin Malam yake kira katanga. Ba a hawa katangar, abin da ake tambaya shi ne ina amsa take dosa yayin da x yake ta matsowa kusa da biyu ba tare da ya taɓa shi ba. Na ƙasa yana ƙanƙancewa, amsa kuma tana kumbura ba iyaka, kuma alamar wannan rashin iyaka ita ce takwas ɗin nan da ake rubutawa a kwance. Yawancin malamai a nan suke tsayawa, da sun ga sifili a ƙasa sai su zana takwas a kwance su wuce. Malam ba ya yarda da haka. A ajinsa ba mai rubuta amsa sai ya gwada lambobi ta hagun katanga, wato ƙasa da biyu kaɗan, sannan ya gwada ta damanta, sama da biyu kaɗan. Duk ɗalibin da ya yi gaggawar ɗaga hannu tambaya ɗaya yake sha: “Ta wane gehe kat taho?” Nan laƙabin Hagu-da-Dama ya samo asali.

A shekarar da nake magana an shirya wata jarrabawar tantancewa ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Waɗanda suka yi fice za a ba su gurbi a wani shirin share fagen shiga jami'a na kimiyya, da wurin kwana da abinci. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa jiha guda. A cikin ɗaliban Malam akwai Rabi, 'yar wani manomin shinkafa a Gulma, maƙwabcin gidan su Malam. Mahaifinta ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in ta samu gurbin ta tafi da albarkarsa, in ba ta samu ba karatu ya ƙare, ta dawo ta kama turaran shinkafa tare da mahaifiyarta. Ba mugunta ba ce, iyakar ƙarfinsa ke nan, kuma Malam ya san haka.

Shugaban masu duba takardun lissafi a wannan jarrabawa kuwa mahaifina ne. Baba tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya a Birnin Kebbi, kuma kusan duk mai koyar da lissafi a yankinmu a lokacin ta hannunsa ya bi, har da Malam. A ajinsa Malam ya zauna shekara biyar, daga baya ya dawo ya nemi aurena. Wanda ya san kunyar suruki a wajenmu ya san abin da nake nufi. Tun daga bakin layi Malam yake sauka daga babur, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa kai a ƙasa. Ko ruwa bai taɓa sha a gaban Baba ba. Shi ma Baba tun ranar ɗaurin aure ya daina kiran sunansa, ya koma ce masa Malam na Argungu.

Lokacin bazara ne, ana kwasar albasa, zafi kamar ya tsaga kai. An tara malamai, har da Malam, a babban zauren wata makaranta a Birnin Kebbi ranar Litinin, za a gama duba takardu a miƙa sakamako ranar Alhamis. Ni a makon ina gidanmu da goyon ɗanmu na fari, Malam kuma ya sauka wajen wani abokinsa, yakan zo gaisuwa bayan la'asar. Ranar Talata da na fito zaure na same shi tsaye ya jingina da bango, hularsa a hannu, fuskar nan ta faɗa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

“Lahiya, Malam?” na tambaye shi.

“Ba lahiya ba. Amsat tambaya ta bakwai da anka ba mu ba daidai take ba. Takwas kwance anka rubuta, guda ɗai. Yaran ga nawa dut gehe biyu sunka rubuta, don haka nik koya musu. Na hangi takardar Rabi hannun na kusa da ni, na san rubutunta. Ya ja mata jan biro tun daga sama har ƙasa. Maki goma na, kin san abin da maki goma ka yi wurin ga.”

“To wa yar rubuta amsar?”

Sai ya dubi ƙasa, ni kuma na gane. Ni ba haƙuri gare ni ba, kowa a gidanmu ya shaide ni da wannan. Na ce masa to mene ne abin wahala, bari in shiga in gaya wa Baba yanzu. Ya tare ƙofa da hannu.

“Ke, ruhwa mini asiri! Mutumin da yak koya mini ɗaya da ɗaya, yab ba ni ɗiyatai, shi za a ce na aika ma gyara?”

“To bar yaran su hwaɗi,” na ce masa, raina a ɓace. “Ka riƙe kunyakka, in an zo a tambaye ka Rabi sai ka nuna musu ita.”

Har yau ina jin nauyin wannan magana, domin na ga yadda ta soke shi. Amma ban yi nadamarta ba. Sai ya zauna a dakalin zaure, ya yagi takarda daga littafinsa, ya ja layi a tsakiya. A sama ya rubuta tambayar. A dama ya jera lambobi uku: 2.1 da 2.01 da 2.001. A hagu ya jera wasu uku: 1.9 da 1.99 da 1.999. Gaban kowacce ya bar fili, bai rubuta amsa ko ɗaya ba. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in kai wa Baba, in ce ɗalibinsa ne ya aiko da tambaya, yana roƙon a duba masa, a fara ta dama. Ya tura babur ɗinsa shi kaɗai har ƙarshen layi, ko juyowa bai yi ba.

Na sami Baba a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, yana fifita da mafici. Na durƙusa na ba shi saƙo yadda aka ba ni. Ya sa tabarau, ya yi ɗan murmushi irin na malamin da tsohon ɗalibi ya dawo wa da tambaya. Baba ba ya taɓa kalkuleta, yana cewa ta ragwaye ce, da fensir ya kama aiki. Na farko ya ba shi 31. Na biyu 301. Na uku 3001.

“Mi ar ruɗa shi nan?” in ji shi. “Ga shi hili, sama abin ka tahiya.”

Sai ya koma hagu. A sama 2.9, a ƙasa kuma 1.9 a debe biyu. Na ga fensirin ya tsaya. Abin da ya rage ƙasa da sifili yake, dole alamar debewa ta shigo, amsa ta fito 29 da debewa a gabanta. Ya goge, ya sake yi, ta sake fitowa. Ya yi na biyu, 299 da debewa. Ya yi na uku, 2999 da debewa. Ko ni da ban san komai ba na ga abin da ke faruwa a takardar: ta dama lambobin suna hawa sama ba iyaka, ta hagu suna nitsewa ƙasa ba iyaka, ba inda za su haɗu, balle a ba su amsa guda. Maficin ya faɗi daga cinyarsa bai ɗauka ba.

Ya ce in ɗauko masa wani littafi mai baƙin bango a cikin akwatinsa. Littafin darasinsa ne tun na kwalejin horon malamai, wanda ya kwafa da hannu daga allon nasa malamin. Haka ake yi a zamaninsu, littattafan bugu ba su wadata ba, malami ya kwafa daga malaminsa, ɗalibi ya kwafa daga gare shi, abin da ke rubuce kuma ba a ja da shi. Ya buɗe wani shafi ya daɗe yana kallo. Daga baya na ga abin da ke wurin, layi ɗaya ne da aka ja wa jan biro a ƙarƙashi, yana cewa duk inda na ƙasa ya doshi sifili amsa takwas ce a kwance.

“Wa yas san da wagga takarda?” ya tambaye ni.

“Daga ni sai shi, Baba.”

“Cikin zauren duba takardu bai ce komi ba?”

“Ko uffan.”

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya tashi ya yi alwalar magariba. Tuwon da aka kai masa haka aka ɗauko shi. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san Baba da zuciya, na kuma san mutum ne da bai saba a nuna masa kuskure ba, balle a lissafi, balle daga mijin 'yarsa. Na riƙa tunanin ko na jawo wa aurena abin da ba zan iya gyarawa ba, ga yaran kuma ba a ceto su ba.

Da safe ina wanke-wanke sai ga Baba tsaye a kaina cikin babbar riga. “Sa mayahinki,” ya ce. “Ke kik kawo saƙo, ke za ki ga amsa.” Na bar goyo wajen Inna, na shiga bayan tsohuwar motarsa, muka nufi makarantar. Ya nuna mini wani benci a can baya kusa da ƙofa. Malamai sun cika zauren, kowa da tarin takardu a gabansa. Da Malam ya hango ni sai ya sunkuyar da kai, na ga ya sha jinin jikinsa.

Baba ya hau gaban allo ya buga tebur. “Kowa shi aje biro.” Sannan ya ce, “Amsar da nib ba ku ta tambaya ta bakwai kuskure ta. Ba jiya niy yi kuskuren ga ba, shekara talatin da wani abu ina koyar da shi, ku da yawa wurina kunka ɗauke shi kunka kai ma yaranku. Akwai wanda yag gane cikinku, kunya ta hana shi magana.” Ya ɗauki alli ya miƙa hannu. “Malam na Argungu, taso ka koya muna.”

Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin wadda Malam ya yi daga kujerarsa zuwa gaban allon nan ba. Ya tuɓe takalmi a tsakiyar zaure, ya durƙusa ya karɓi allin da hannu biyu. Baba kuwa ya sauko, ya tattara babbar rigarsa, ya zauna a bencin gaba inda ɗalibai ke zama. Da farko muryar Malam ba ta fita, har wani daga baya ya ce a ɗaga murya. Ya ja dogon layi a tsaye a kan biyu, ya ce ga katanga. Ya jera lambobin nan shida. Kafin ya kai na uku ya manta da suruki, ya manta da ni, ya koma Hagu-da-Dama na ajin Argungu. Ya zana reshe ɗaya yana hawa ta dama yana bin katanga bai taɓa ta ba, ya zana ɗaya yana gangarawa ta hagu. Ya ce amsa biyu ce, kowane gefe da tasa: ta dama takwas a kwance, ta hagu takwas a kwance da alamar debewa, in kuwa ba a faɗi gefe ba, to babu amsa guda da za a bayar.

Sai Baba ya ɗaga hannu. Wallahi ɗaga hannu ya yi, yatsa sama, yana jira a ba shi izini. Zauren ya fashe da dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini.

“Malam, in na ƙasa an ninka shi da kainai hwa?”

“Nan kam, Baba, ko ta ina anka taho sama za a, don debewa in ta ninka debewa tarawa ta ka zama.”

Baba ya gyaɗa kai ya juyo ga jama'a. “Kun ji inda nir ruɗe. Misalin da malamina yab ba ni irin wanga na. Misali guda nig gani, nim mai da shi doka.”

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani dattijon malami ya miƙe ya ce takardar amsoshi an riga an sa mata hannu an buga hatimi, ga shi gobe Alhamis, wa zai sake bin takardun da aka gama? Baba ya ce shi ya sa hannun, shi kuma ya janye shi, wanda ke da tambaya a ofis a turo masa shi. Ya yanke cewa duk yaron da ya rubuta gefe biyu a ba shi makinsa cikakke. Wanda kuma ya rubuta takwas guda a ba shi rabi, domin abin da malaminsa ya koya masa ya rubuta, laifin ba nasa ba ne. Aikin da za a gama Alhamis sai Asabar aka gama shi, ana ta gunaguni ana zufa, Baba da kansa yana kwance ɗaurin takardu. Da sakamako ya fito, sunan Rabi yana ciki, tare da wasu abokan karatunta huɗu. Tazarar da ke tsakaninta da wanda aka tsaya a kansa ba ta kai maki goman nan ba. Mahaifinta ya zo har Argungu da buhun shinkafa a bayan keke, Malam ya ƙi karɓa, ni na karɓa.

Kada ku zaci wannan rana ta rage kunyar da ke tsakaninsu. Washegari ma a bakin layi Malam ya sauka daga babur, kuma har ya bar duniya bai sha ruwa a gaban Baba ba. A gida in na tayar da zancen don in zolaye shi, sai ya ce shi bai yi komai ba, lambobi ne suka yi magana, kuma jarumin ranar wanda ya sauko ya zauna a benci ne. Ni kuma in ce masa duk da haka ni ce na kai takardar, sai a riƙa tunawa.

Yanzu ina zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi wajen ɗanmu na fari, wancan goyon da na bari wajen Inna. Sau da yawa in na shiga keke mai ƙafa uku ina kallon gari, nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce da ya ga yau. Babur mai tashi da maɓalli dai na san zai ce an lalata mutane. Kwanaki Rabi ta nuna mini a wayarta yadda ake rubuta tambayar nan, kafin ka ƙifta ido zanen ya fito, ga katanga, ga reshe yana hawa, ga reshe yana gangarawa. Abin da Malam ke cinye darasi guda yana zanawa da zare da alli. Na san halinsa, da ya karɓe wayar ya yi ta wasa da ita har caji ya ƙare, yana dariya kamar an ba shi kyauta. Bayan nan kuma da ya ce kowa ya mai da tasa aljihu ya gwada 1.9 da hannunsa. Domin Rabi ta ce yaran yanzu da yawa kwafe amsa suke yi daga waya ba su gwada ba, ni kuma ban ga bambancin wannan da littafi mai baƙin bango ba, sai dai shi a akwati yake kwana.

Malam ya rasu da damina, bayan jinyar kwana tara. A Gulma aka yi jana'izarsa, ruwa ya cika fadama, mutane suka yi ta zuwa ta laka, tsofaffin ɗalibai da ban taɓa gani ba suna gaya mini shekarar da suka zauna a ajinsa. Baba, da tsufansa da ciwon ƙafarsa, ya zauna a tabarmar karɓar gaisuwa kwana uku. Ƙanena ya ba ni labari cewa wani ya durƙusa ya ce masa Allah Ya jiƙan ɗalibinka, sai Baba ya girgiza kai, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. A lokacin na ɗauka baƙin ciki ne kawai ya ɗaure masa harshe. Shi ma bayan shekara uku ya bi shi. Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya haɗa su a inda ba sauran kunya.

To, ga zancen wayar. Rabi yanzu malamar lissafi ce a wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi, kuma shekara huɗu ke nan ita ke shugabantar masu duba takardun lissafi a irin waccan jarrabawa. Kujerar Baba take kai. Tun da ta hau ta kafa ƙa'ida: ba a fara duba takarda ko ɗaya sai kowane malami ya warware tambayoyin da hannunsa ya gwada da amsarta, kuma akwai alli guda da take ajiyewa a bakin tebur, duk wanda ya ga kuskure ya taso ya ɗauka. Shekara uku allin nan yana nan ba wanda ya taɓa. A makon jiya wata sabuwar malama, wadda Rabin ce ta koyar da ita, ta taso ta ɗauka.

“Inna, kama ni tay yi!” in ji Rabi a waya, tana dariya har tana shaƙewa. “Gaban mutane! Alama guda nim mance, yarinyag ga ta gano ta.”

“To ke mi kiy yi?”

“Mi za ni yi? Na tattara zanena niz zamna benci.”

Mun daɗe muna dariya, kowa ta san wanda take tunawa. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Malam bai bar gida mai bene ba, bai bar mota ba, babur ɗin ma da ƙyar aka samu mai ɗauka. Ya bar Rabi a kan kujerar da ta kusa rasa hanyar zuwa gare ta saboda maki goma. Ya bar ɗaliban ɗalibansa suna gwada hagu da dama kafin su rubuta amsa. Kuma shi da Baba sun bar wani zaure a garin nan inda ƙarami zai iya nuna wa babba kuskure ba tare da an zubar da girman kowa ba, yaran da takardunsu ke kan tebur kuma su sami hakkinsu.

Da na ajiye wayar na buɗe akwatin Baba, wanda ya faɗo a rabona, na ɗauko littafin mai baƙin bango. Sai bayan rasuwarsa na fara buɗe shi, ranar ne kuma na gane abin da ya so faɗa a tabarmar gaisuwa. Takardar nan mai lambobi shida tana maƙale a shafin, fensirinsa ya dusashe amma ana karantawa. Layin da ya koyar shekara talatin ya soke shi da biro, ya rubuta daidai a ƙasansa. A gefen shafin kuma akwai kalma uku da rubutun hannunsa. Na ce muku bakina bai taɓa kama sunan Malam ba, yanzu ma ba ni na kama ba, Baba ne ya rubuta, ni kwafa kawai na yi: “Gyaran malamina, Garba.”